Ranar da Mitar Gidanmu Ta Yi Sallama Ita Kaɗai

Aikina a kamfanin wutar lantarki kallon taswira ne. Ina zama gaban wani allo mai faɗi daga safe har yamma, garin gaba ɗaya a shimfiɗe a gabana, kowane gida ɗan ɗigo ne. Kore, akwai wuta. Ja, babu. Tun da aka sa sababbin mitocin nan masu aiko saƙo, ba ma jira sai mutane sun kira suna zazzaga mana faɗa kafin mu san an ɗauke musu. Kowace mita tana ɓoye ɗan ƙarfi a cikinta kamar guzuri. Wuta na yanke mata, da wannan ɗan guzurin za ta turo mana saƙo ɗaya tak, cewa ta rasa wuta, daga nan ta yi shiru. A ɗakinmu cewa muke mita ta yi sallama.

Idan unguwa guda ta yi sallama tare, mun san taransfoma ce ko babban layi, nan take a tura mota. Idan kuwa gida ɗaya ne, sai ya bi sahu ya jira, don motocin gyara ba su wadace mu ba.

Ranar da nake ba da labarinta, hadari ya haɗo tun da rana tsaka, amma ruwan ya ƙi sauka. Iska ce kawai take ta kaɗa gari. Ɗigogi suna ja nan da can, muna ta tura motoci. Ni kuwa, kamar kowace uwa da aka ba irin wannan allon, ina aiki ina satar kallon ɗigo guda a kusurwar hagu. A cikinsa akwai ɗiyata, wadda ba ta kai shiga makaranta ba, muna ce mata Zabuwa don ba ta san zama wuri ɗaya ba. Akwai kuma surukata, Inna, da ke riƙe min ita in na fito aiki.

Na miƙa hannu zan ɗauki kofin shayi ke nan, na ga ɗigon ya koma ja. Na jira in ga na kusa da shi sun biyo baya. Ba su biyo ba.

“Dogo, zo ka ga wani abu.”

Dogo shi ne abokin aikina na teburin gefe. Bai ɗago ba. “In hoton ƴarki ne, na gani jiya, na kuma yaba.”

“Gidanmu ne.”

Ya turo kujerarsa ya leƙo. “To madalla. Yau kin ɗanɗana abin da muke ɗanɗana wa jama'a. Kati ne ya ƙare, ki ce wa maigidan ya rage maƙo.”

“Da kati ne ai ba za ta yi sallama ba. Gidan za ta datse, ita tana nan da ranta.”

“To fis ne ya ƙone.”

“Fis ɗin a bayanta yake, Dogo. Da shi ne ya ƙone, ita ba za ta rasa wuta ba.”

Ya sani sarai, ya riga ni shiga aikin. Kwantar min da hankali kawai yake so ya yi. Na aika wa mitocin maƙwabta tambaya, waɗanda muke sha a falwaya ɗaya da su. Ta shagon tela ta amsa. Ta gidan da ke bayanmu ta amsa. Ta gidan da ke kallonmu ma ta amsa, kowacce da cikakkiyar wutarta. Tamu ce kaɗai shiru.

Abu ɗaya ya rage ke nan: yankewar tana tsakanin falwaya da bangon gidanmu. Wannan wayar wutar na san ta kamar tafin hannuna. Takan taso daga kan titi, ta tsallako katanga, ta ratsa reshen bishiyar da ke bakin ƙofa, ta bi ta saman tsakar gida daidai kan igiyar shanya, sannan ta sauka a bangon kicin inda mitar take. Idan ta tsinke, gefen gidan ne ya mutu. Gefen falwaya yana nan ɗauke da wutarsa, a duk inda ya faɗi.

Sai da na tuna da halin Inna ne na gane girman hatsarin.

Duk gidanmu ba wanda ya kai Inna tsoron lantarki. Ba ta zare caja da jiƙaƙƙen hannu, ba ta barin Zabuwa ta matsa kusa da soket, ko ƙwan fitila ne ya mutu ba za ta bari a canza ba muddin da wuta. Saboda wannan tsoron ne ta tsara wa kanta doka: duk aikin da ya shafi wayar lantarki sai an ɗauke wuta. Fanka na tsayawa za ka ji ta ce dama ta samu. Ta ɗauko tsumma ta goge fanka, ta karkaɗe bayan firij, ta gyara wayar dutsen guga da ta saɓule. Haka ta reni ɗanta, haka ni ma na same su na bi, don a ganina hankali ne. A wurin Inna, idan fanka ta tsaya, duk wayar da ke duniya ta mutu.

Na ɗauki wayar hannuna na kira ta. Ta yi ƙara sau biyu, aka katse.

Na san wannan katsewar. Duk lokacin da Inna take son ta yi wani aiki ba tare da Zabuwa na bin ƙafarta ba, sai ta kunna mata zanen yara a waya ta miƙa mata. Yarinyar kuwa ta gane jan maɓalli ne ke korar duk mai ɓata mata kallo. Na sake kira, ta sake katsewa. Wani abu ya ɗan sauka a ƙirjina: tana zaune, hannunta yana aiki. Wani kuma ya taso a madadinsa: in dai an ba ta waya, to Inna ta tashi yin aiki.

Maigidana ba shi da amfani a wannan lokacin, a masana'antarsu kulle wayoyi ake a akwati sai an tashi. Duk da haka na kira, a kashe. Na kira tela, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Dogo ya daina wasa, ya buɗe bayanan gidan da ke kallonmu ya kira lambar da ke jikin mitarsu. Wani dattijo ya ɗauka, ya ce shi mai gidan ne, haya ya bayar, rabonsa da garin ma an daɗe, lambar ƴan hayar kuwa tana tsohuwar wayarsa. Na gidan baya kuma ba ta shiga.

Ban san lokacin da na isa teburin Injiniya ba. Shi ne babba a ɗakin, shi kaɗai ke da ikon kashe layi daga nan inda muke zaune. Na faɗa masa komai a tsaye, ina danne kuka, don na san in na yi kuka kukan zai saurara ba maganar ba.

Ya duba allonsa. Motar da ta fi kusa da mu tana can ƙetaren gari kan wata falwaya da ta faɗi a titi. Ya kira su ya ce suna gamawa su wuce gidanmu.

Na ce, “Ranka ya daɗe, kafin su gama fa? A kashe layin.”

Ya juyo da allon gabana, ya ɗora yatsa. “Kin ga abin da ke kan layin nan. Ga asibitin haihuwa, ga injin tura ruwa, ga gidaje ba iyaka. Ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma wayar tana iya kwancewa can saman falwaya kawai, tana iya tsinkewa ta maƙale a bishiya. Mita ta gaya mana ta rasa wuta, ba ta gaya mana inda wayar ta faɗi ba. Samo min wanda ya gan ta a ƙasa da idonsa.”

“Ba wanda ke ɗauka.”

“Ci gaba da kira. Ni zan kira asibitin su shirya janareta.”

Na tsaya tsakanin teburina da ƙofa, jaka a kafaɗa. Ƙafafuna gida suke so. Amma gidanmu da nisa, ga cunkoso, ga iska ta watsa rassa a hanya. Kafin in kai, duk abin da zai faru ya gama faruwa. A nan kuwa akwai maɓallin da zai iya kaiwa gidan kafin ni. Na ajiye jakar na zauna, na koma kiran wayar Inna.

Na kira, ta katse. Na kira, ta katse. A raina ina cewa yawwa, ƴar albarka, ki yi ta katsewa. Sai a wani kiran wayar ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara, har ta gaji ta tsinke da kanta. Ba wanda ya taɓa ta.

Ba zan iya kwatanta wannan shirun ba. A raina na ga wayar yashe a kan kujera, na ga ƙofar falo a buɗe, na ga ƙananan ƙafafu ba takalmi. Sai Dogo ne ya karɓi wayar ya danna min, ya sa ta a lasifika ya ajiye a gabana.

Aka ɗauka. Numfashi kawai nake ji, da hucin iska.

“Zabuwa?”

“Umma, kina ta ɓata min kallo.”

Na danne bakina da hannu har sai da abin ya wuce. Sannan na yi magana da muryar da nake mata tatsuniya da ita.

“Yi haƙuri, ƴar lelena. Kina ina yanzu?”

“A kujera. Na je na sha ruwa na dawo.”

“Yawwa. Kaka fa?”

“Tana ɗaki tana neman takalminta. Ta ce in zauna kar in fita. Umma, igiya ta faɗo.”

Injiniya ya taso daga teburinsa, wayar asibiti a kunnensa, ya tsaya a bayana.

“Wace igiya, ta shanya?”

“A'a, baƙar. Ta sama. Ta yi tas-tas, ta yi walƙiya, ni na gani ta taga. Kaka ba ta gani ba. Na gaya mata ta ce hadari ne.”

“Yanzu kina hango ta? Kar ki sauka, daga nan za ki duba.”

“Ga ta can a ƙasa kusa da bokitina. Kaka ta ce za ta kwashe shanya, ta ɗauke igiyar kar in taka.”

Na ɗago na kalli Injiniya. Ya ce da na asibitin, “Ku tayar yanzu. Ba shiri nake cewa ba, ku tayar. In ya kama ku gaya min.” Ya koma teburinsa da sauri, bai sauke wayar ba.

Na ce, “Zabuwa, kira min Kaka. Daga kan kujerar, da ƙarfi, irin kiran da kike mata in kin gama wanka.”

Ta kira. Muryarta ta cika ɗakinmu, duk wanda ke ciki ya daina abin da yake yi. Ta sake kira. Ina jin kwanon rufi yana kaɗawa a bayanta. Kunnen Inna dama sai an matso, balle ga iska.

“Ba ta ji ba. Ta fita ta ƙofar kicin. Bari in je in kira ta.”

“A'a.”

Na ji yadda kalmar ta fita, na yi maza na tausasa ta. Na san ƴata. In na daka mata tsawa, wayar za ta yar ta fashe da kuka, kuma in tana kuka wuri ɗaya take nufa, jikin kakarta.

“A'a, ƙawata, tsaya mu yi wasan nan namu. Ƙasa ta zama kogi. Ɗaga ƙafafunki sama, maza, ga kada nan ya taho zai cije ki.”

Ta ƙyalƙyale da dariya. “Ƙarya ne, babu ruwa.”

“Akwai mana, ga shi nan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Kin ɗaga?”

“Na ɗaga.”

“Duka biyun? Yatsar nan ƙarama fa, na ga tana leƙowa.”

“Na ɓoye ta.”

Ina maganar nan na san abin da nake yi. Mutum ɗaya ne a duniya da zai iya isa wurin Inna ya ja zanenta ya ce ta tsaya, kuma ni ce nake riƙe da shi a kan kujera da wasan kada. Matar nan ita ta yi min jego, ita ke goya yarinyar nan duk da ciwon bayanta. Na san haka, ban kuma saki yarinyar ba. Ko yau aka mayar da ni wurin ba zan sake ta ba, amma ba abu ne da mutum zai so ya sani game da kansa ba.

“Me Kaka take yi? Gaya min, kujerar nan jirgi ce, ke ce mai gadi a kai.”

“Tana cire kaya. Ta cire rigar Abba. Iska ta ɗauke mata ɗankwali.” Ta yi dariya. “Tana bin shi.”

A raina na ce Allah ka sa iskar ta kai shi bangon duniya. Na waiga. Injiniya ya buɗe shafin kashe layi, yatsarsa a sama, yana jiran asibiti. Ina jin muryar wata mata ta cikin wayarsa tana cewa mai janaretan ya tafi ɗauko makulli.

“Ta kama shi. Ta dawo. Ta cire zanen gado.”

“Sake kiran ta, ƙawata. Ce mata Umma na kira.”

Ta kira. Ba amsa.

“Ta gama. Ta ajiye kayan a baho. Umma, ƙafata ta gaji.”

“Kadan yana nan fa, na ga idonsa. Riƙe su da hannu. Kaka ina ta nufa?”

“Wurin bokitina.”

Na ce, “Ranka ya daɗe.” Iyakar abin da ya iya fita ke nan.

Matar asibitin ta ce wani abu, a bayanta na ji tarin inji yana kamawa. Injiniya ya danna. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya sake dannawa. Kowa a ɗakin ya san umarni yakan ɗan ɗauki lokaci kafin ya kai tasha. Ban taɓa lura da tsawon wannan ɗan lokacin ba sai ranar.

“An fara ruwa,” in ji Zabuwa. “Kaka ta sunkuya.”

Na kalli allo. Kore. Kore. Sai ɗigon shagon tela ya yi ja, na gidan baya ya bi, sannan jan ya bazu kamar an zubar da manja a tire, titi bayan titi, mitoci suna ta sallama har gefen allon ya cika da saƙonni. Kullum wannan ne abin da muke gudu a ɗakin nan. Ranar kuwa ido na zuba ina neman ko akwai koren da ya rage a kusa da gidanmu.

Ban san wanne ya riga wani ba, jan ko hannun Inna. A wayar ba na jin komai sai ruwa a kan kwano.

“Zabuwa. Me Kaka take yi?”

Ta koma kallon wani abu.

“Zabuwa, gaya min.”

“Tana naɗe igiyar. Kamar yadda take naɗe ta guga. Umma, in sauke ƙafata?”

Dogo ya kifa kansa a kan tebur. Wata abokiyar aikinmu ta dafa kafaɗata, ban ma san ta taso ba. Na ce wa yarinyar ta ƙara haƙuri kaɗan, kadan ya kusa tafiya. Can na ji ƙarar ƙofa, da takun da na sani, da ajiyar baho.

“Ke da wa kike ta surutu, ƙawata? Kawo nan.” Numfashinta ya matso. “Wa ke magana? Au, ke ce. Lafiya dai?”

“Inna, kun taɓa wayar wutar?”

“Na taɓa mana, in bar ta yarinya ta taka? Ai ba wuta, tun ɗazu fanka ta tsaya. Na naɗe ta na rataye a jikin ƙofar ƙarfe, in maigidanki ya dawo ya san yadda zai yi da ita.”

Injiniya ya miƙe tsaye ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. “Layin nan ba mai mayar da shi sai na faɗa da bakina. Ko wa ya kira.”

Na ce, “Inna, don Allah ku zauna a ɗaki ku da ita, kada ku sake zuwa kusa da ƙofar. Da wuta a jikin wayar nan. Yanzun nan muka kashe.”

“Wace wuta? Ga shi na riƙe ta da hannuna, ko ɗumi babu.” Muryarta ta canza. “Ƴar nan, ni za ki koya wa tsoron lantarki? Tun ba a haife ki ba nake kaffa-kaffa da shi.”

“Ba haka nake nufi ba, Inna.”

“To ki yi aikinki, mu muna lafiya.” Ta kashe.

Wayoyin ofis suka fara ƙara gaba ɗaya, mutanen unguwa suna neman ba'asi. Injiniya ya ce in tafi, Dogo zai riƙe teburina. A mota tsoron bai sake ni ba, kama kawai ya canza. Mun tsamo ta, amma da tsamowar muka tabbatar mata da dokarta. Ta taɓa, ba abin da ya same ta. Gobe in wata wayar ta faɗo, da ƙwarin gwiwa za ta ɗauka, kuma Zabuwa ta ga yadda ake yi.

Na iske motar gyara ta riga ni, an kafa tsani a jikin falwaya, ruwan ya koma yayyafi. Wayar tana nan a naɗe tsaf a jikin ƙofarmu, naɗin mai tsabta, har da ɗan ƙulli don kada ta warware. Mai gyaran ya zare ta da safar hannu yana girgiza kai. Na wuce ciki na ɗauki ƴata, na duba tafin ƙafafunta, ban san me nake nema ba. Ta ce kadan bai zo ba, na yi mata ƙarya.

Inna tana bakin ƙofar falo tana ninke kaya. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Na rasa ta inda zan fara. Duk abin da zan ce, hannunta ya riga ya gaya mata akasinsa.

Sai ga tela ya leƙo, tef a wuya, ya zo ganin abin da ya tara ma'aikata a ƙofarmu.

“Sannu Inna. Ke kuma ma'aikaciyar wuta, me muka yi muku? Ina tsakiyar ɗinkin mutane kuka ɗauke. Na ga kiranki ma yanzu, wayar tana aljihun riga a rataye.”

Inna ta ce, “Ai kai ma ka yi ta haƙuri, tun kafin hadarin ya yi baƙi suka ɗauke.”

“A'a Inna, mu dai ba mu daɗe ba. Ina kan keken ɗinkina mai aiki da wuta har aka fara ruwa. Ɗigon farko a kan kwano da tsayawar keken, kusan tare.”

“Kai dai faɗi gaskiya. Fanka ta tsaya, na shiga neman takalmi, na daɗe ina nema ma, ina jin kekenka ta bango yana ta…”

Ba ta ƙarasa ba. Rigar da take ninkewa ta tsaya a hannunta. Na ga tana bin abin a ranta daki-daki: takalmin, ƙarar keken, shanyar, ɗankwalin, ruwan da ya fara sauka a bayanta tana sunkuye. Tela ya dube ni, ya dubi ƙofar ƙarfen, ya ce bari ya je ya rufe shago.

Inna ta zauna a kan dakalin ƙofa, a jiƙe yake ba ta kula ba. Ta jawo Zabuwa daga hannuna ta ɗora a cinya, ta rungume ta har yarinyar ta fara mutsu-mutsu.

Can mai gyaran ya leƙo ya ce sun ja sabuwar waya, sun sare reshen, za su kira ofis a mayar da layi. Inna ta ce ya dakata. Ta miƙe da yarinyar, ta shige falo har ƙuryar da ta fi nisa da taga, ta ce in shigo ni ma in rufo ƙofa. Na shigo na rufe. Muka tsaya mu uku a kusurwa kamar masu jiran tsawa, har ƙwan fitila ya kama, firij ya yi gurnani a kicin.

“Karɓe ta,” in ji Inna a hankali. “Hannuna ba ya riƙewa.”

Na karɓi yarinyar na saɓa a kafaɗa. Da ɗayan hannun na kamo na Inna, na dama, abin da ban taɓa yi ba tun da na shigo gidan. Sanyi ƙalau. Na buɗe tafin a ƙarƙashin fitila ina duba shi yatsa bayan yatsa, kamar yadda nake duba na Zabuwa in ta faɗi. Babu ƙuna, babu ko ja, sai ɗan baƙin dattin wayar a cikin layukan tafin. Ba ta janye ba. Da na gama, ta miƙo min na hagun ma.